Gawar Baƙo

Mamuda ƙanena zabiya ne.
Shekara goma sha tara yana fere rake a Kwangila,
gefen gada, inda inuwa ke leƙowa da hantsi
ta tattara zanenta kafin azahar.
Ranar da ke nunar wa kowa da gero,
shi cin sa take yi.

A bayan kunne abin ya soma,
ɗan ƙurji, bai kai ƙwayar dawa ba.
Muka shafa man kaɗanya, muka shafa toka.
Ya bushe, ya ɓare, ya dawo da danginsa.
A Shika aka raɗa masa suna: sankarar fata.
Aka yanke, aka yi faci da fatar cinya.
Damina biyu, sai ga shi gefen ɗinkin
kamar wuta-wuta a gonar da aka gama nomewa.

Wata Talata, layi ya yi tsawo, fanka ta tsaya,
na tambayi Dakta Zulai abin da ke cina:
jikin da ya kori ƙyanda, ya kori mura sau ɗari,
me ya hana shi korar wannan?

Ta ajiye biro.
Ta ce, ɗan gida ne.
'Yan sintirin jini sun san fuskarsa tun yana goye,
yana fasa rumbu suna yi masa sannu da aiki.
Kare ba ya haushin wanda ya tashi a gidan.

Sai ta ce, akwai masu bincike, can nesa,
da ke ɗauko ƙwayar cuta, baƙuwa, mai mugun suna,
su gasa ta har ta daina motsi,
ba ta haihuwa, ba ta cizo,
gawa dai, amma da rigarta a jiki.
Su sa ta a allura, su ajiye ta tsakiyar ƙurjin.
Gari ya waye, ga gawar baƙo a ƙofar ɓarawo.
Sintiri su taso da fitilu da gora,
suna neman wanda ya shigo,
hasken ya faɗa kan wanda ya daɗe a ciki.
In sun gane shi sau ɗaya, in ji ta,
ana fatan su bi sawunsa har unguwannin da allura ba ta je ba.

Na tuna dantsen Inna,
tabon lamba, zagayayye kamar sisin da,
wanda take nuna mana in muna gudun allura:
cuta kaɗan aka ba ni aro, ta tsare ni daga babba.

Na ce, yaushe?
Ta dubi taga, inda wata mata ke shanya zane a kan waya.
Ta ce, abin da na karanta, a jikin ɓeraye ne.
Ba zan sayar muku da kifi a ruwa ba.
Yau wuƙa muke da ita, da hula, da dogon hannu.

Mamuda ya yi dariya har bandejin ya motsa.
Ashe ni da ɓera layi ɗaya muke bi,
kuma ya riga ni karɓar kati.

A hanyar gida muka tsaya Sabon Gari.
Na sayi malafa mai faɗin faifai biyu,
ya ce ya zama rumfa mai tafiya.
Ban yi dariya ba. Ina lissafin kuɗin Talata mai zuwa.

Daren nan na kasa barci.
Ni da ke tsallake mushe ina toshe hanci,
ga ni ina roƙa wa wata gawa hanya,
ta samu mota, ta samu takarda,
ta wuce Kaduna ba a tsare ta ba,
ta iso kafin kunnen ya ƙare.

Da safe ya koma gefen gada.
Wuƙarsa na tafiya, ɓawo na zuba a kan takalminsa.
Ya miƙo min gaɓa biyu, masu zaƙin gindi,
ya ce, in kin koma Shika kafin ni,
ki tambayo min jikin ɓeran.